Na ci IELTS amma ba na jin abin da lakcara ke faɗa, in koma gidan Hausawa ko in zauna?

Auta_KT:
Slm jama'a, don Allah masu karatu a waje ku ba ni shawara. Na zo Gilasgo ta Sikotilan yin mastas a Satumban nan, ni kaɗai, kuma wannan ne karon farko da na taɓa barin gida, digirin farko ma jeka-ka-dawo na yi. Matsalata Turanci. A IELTS, jarrabawar gwajin Turanci ta masu fita waje, maki 7 na samu, a unguwarmu ni ake kawo wa takarda in duba, amma nan wlh in direban bas ya yi min magana sai dai in gyaɗa kai in yi murmushi, akwai wani lakcara ɗan garin nan in ya fara zuba ko rabi ba na kamawa, ga samina da ake so kowa ya tofa albarkacin bakinsa, kafin in gama haɗa maganar a kaina sun wuce wajen sun kama wani batun. Yanzu har fita na fara ƙi, daga aji sai ɗaki. Akwai wasu 'yan uwa Hausawa da suka ce in dawo gidansu akwai ɗaki, hayar ma ta fi sauƙi, amma yayana ya ce kar in kuskura, wai in na shiga cikinsu yadda na tafi da Turancina haka zan dawo da shi. Ni kuma kaɗaicin ya fara yi min yawa. Me kuka gani?

Injiniya_Serdang:
Wslm. Gilasgo kuma? Tab, ai kai da ƙafar hagu ka shiga, mutanen Landan ma kansu in sun je can sai sun kasa kunne. Ka kwantar da hankalinka ba kai ba ne matsalar.

Ɗan Damagaram:
Ƙanena ji maganar yayanka. Ni na ga wannan abun da idona ba labari aka ba ni ba. Mu a Nijar da Faransanci muka yi karatu tun daga firamare har bak, jarrabawar gama sakandare, har jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da na tashi neman Turanci sai na tafi Akara kamar yadda 'yan ƙasarmu da yawa suke yi. To ina na sauka? Nima. Duk wanda ya san unguwar Nima ya san ba ka buƙatar Turanci ko kalma ɗaya, mai koko Hausa take ji, mai waake Hausa, aski Hausa, masallaci Hausa, ka je aji awa uku ka dawo sauran awa ashirin da ɗaya kana Damagaram. Watanni suka yi ta tafiya ina biyan kuɗin makaranta, nahawu ya zauna a littafi amma baki ya ƙi buɗewa. Sai da na kwashe kayana na koma wajen Legon na haɗa ɗaki da wani yaro ɗan garin Ho wanda ba ya jin Hausa ba ya jin Faransanci, dole in zan ce ya rage rediyo da Turanci zan faɗa, nan ne abun ya fara sakina. Kai mastas ɗinka shekara ɗaya ce tak, ba ka da watannin da za ka zubar.

Maman Iman:
Malam na Damagaram ban ƙi taka ba amma Akara daban Gilasgo daban. A Akara ko ba ka san kowa ba rana tana fitowa, mutane suna waje, ka gaida wani ya amsa. Yaron nan bai ga komai ba tukuna, ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba za a mayar da agogo baya da awa ɗaya, zuwa Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata, kafin huɗu ta faɗi, ga ruwan sama ba dare ba rana. Mutumin da tun yanzu ya ce daga aji sai ɗaki, kuna so ya shiga wannan duhun shi kaɗai don ya koyi Turanci? Ni nas ce, ina Leeds, na ga ɗaliban da suka daina zuwa aji gaba ɗaya ba don ba su da ƙwaƙwalwa ba, damuwa ce ta danne su kuma ba wanda ya lura saboda ba wanda yake ƙwanƙwasa musu ƙofa. Auta ka tafi wajen 'yan uwanka ka ci tuwo ka yi dariya, Turanci yana nan ba inda zai je.

Auta_KT:
Anti wlh kin taɓo inda yake min ciwo. Jiya da na gama waya da Umma sai na lura tun safe ita ce mutum ta farko da na yi wa magana da baki.

Ɗan Damagaram:
Hajiya ai ni ban ce ya yanke zumunci ba. Ziyara daban, kwana daban.

Dakta Mai Shayi:
Bari in ɗan tsoma baki, na yi digiri na uku a Sikotilan kuma yanzu ina koyarwa, don haka na zauna a kujerar ɗalibi na kuma tsaya gaban allo. Auta Turancinka lafiya lau yake, ga shi ka ci 7. Kunnenka ne bai yi aiki ba, kuma ba laifinka ba ne. Ka tuna yadda aka koya mana, a yawancin makarantun gwamnati malamin Turanci da Hausa yake bayani, mu haddace nahawu mu rubuta insha'i, hatta ɓangaren furuci na WAEC a takarda ake yinsa, kana zaɓar A ko B ko C ba tare da ka ji muryar kowa ba ko ka buɗe bakinka. IELTS kuma sauraron minti talatin ne, tambaya arba'in, an ɗauki muryoyin a ɗakin da ko ƙuda ba ya motsi, mai magana yana fitar da kowace kalma tsaf. Maganar baki da mai jarrabawa ba ta wuce minti sha huɗu, kuma aikinsa ne ya saurare ka. Direban bas ba aikinsa ba ne, yana magana ta bayan gilashi injin yana ruri mutum goma suna bayanka. Mutanen Gilasgo kuma suna haɗiye harafin t a tsakiya da ƙarshen kalma, wasulansu ba irin na BBC ba ne, ga sauri, ga kalmominsu na gida da ba ka taɓa gani a littafi ba.

Maganin kunne awoyi ne, ba wani sirri. Ka sauke BBC Sounds kyauta ne, ka kunna Radio Scotland musamman shirye-shiryen da mutanen gari ke bugo waya, na ƙwallo ya fi kowanne don nan ne suke magana da zuciyarsu, ka bar shi yana yi kana girki kana wanki ko ba ka gane ba. Lakcocin da ake ɗauka a ɗora a shafin makaranta ka sake kallonsu, na farko da rubutun ƙasan allo, na biyu ka kashe rubutun. Sannan ka karanta abin da aka ba ku KAFIN aji, in ka riga ka san kalmomin da za su fito kunnenka zai riƙa cafke su ko an murɗa su.

Samina kuwa, kar ka jira sai jimla ta haɗu a kanka, ba za ta haɗu a kan lokaci ba. Ka rubuta tambaya ɗaya tun daga ɗaki, ka zama cikin na farko da za su yi magana kafin hirar ta yi zafi. In ka yi magana sau ɗaya a minti goman farko sauran ajin za ka zauna da nutsuwa.

Injiniya_Serdang:
Dakta ya gama magana. Mu nan Malesiya namu salon daban ne, lakcarori Malay da 'yan Sin da Indiyawa kowa da nasa Turancin, makon farko na ɗauka wani yare ake haɗawa, yanzu ni ma har na kama irin nasu in na kira gida ƙannena su yi ta min dariya.

Zee_Kaduna:
Akwai abin da ba wanda ya faɗa kuma ina ga shi ne rabin matsalar, kunya. Mu 'yan arewa tun a sansanin bautar ƙasa aka sa mana tsoron buɗe baki, ka faɗi kalma mai p ta fito da f a kwashe da dariya, sai mutum ya koyi yin shiru. Na zo nan da wannan tsoron, sai na tarar a ajinmu akwai 'yar Sin da take duba waya kafin kowace jimla, akwai ɗan Girka, akwai 'yan Indiya, kowa yana kwaɓa nasa hankali kwance kuma ba wanda ya ɗaga kai ya kalle su. Turawan ba su san bambancin lafazin Bahaushe da na Bayarabe ba balle su yi maka dariya, duk ɗaya suke jinmu. Waɗanda za su yi maka dariyar 'yan ƙasarka ne. Shi ya sa ni ban goyi bayan komawa gidan ba, ba don Hausar da za a yi ba, don in ka gwada Turanci a gabansu za a ce ka fara iyayi.

Maman Iman:
Zee wannan kuma ya danganta da irin mutanen gidan. Kin san su ne?

Zee_Kaduna:
Ban san su ba Anti amma na san mu 😂

Sarkin Yaƙi:
Ni abin da yake ba ni mamaki, fam ɗaya ya haye naira dubu biyu a 2024, mutum ya sayar da fili ya biya miliyoyi sannan ya zo guruf yana kukan ba ya jin Turanci. Da BUK ko ABU ka yi mastas ɗinka da yanzu kana cin tuwon Umma ba wannan surutun. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Auta_KT:
Malam ba fili aka sayar ba, kuma shawara na nema.

Admin:
Sarkin Yaƙi a yi haƙuri a tsaya kan tambaya. Wanda ba shi da shawara ya karanta ya wuce.

Baffa na Bradford:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Auta ɗana, kafin a yi ta ja-in-ja a kan ka koma ko kar ka koma, a wane irin ɗaki kake yanzu? In hostal ɗin ɗalibai ne to je ka ɗauko takardar da ka sa wa hannu ka karanta, yawancinsu na 'yan mastas kusan shekara guda ne cur, kuma ko ka kwashe kayanka kuɗin yana kanka sai dai in an samu wanda zai maye gurbinka. A Sikotilan hayar gida ta yau da kullum tun Disamban 2017 ɗan haya yana iya ba da sanarwar kwana 28 ya tashi, amma wannan dokar ba ta shafi hostal ba. Na biyu, gidan da mutum uku ko fiye waɗanda ba dangi ba suke zaune sai mai gida yana da lasisin gidan haɗaka, wato HMO, daga ƙaramar hukuma, ka tambaya, kuma ka tabbata sunanka zai shiga takardar haya ba wai ka riƙa miƙa wa wani kuɗi a hannu ba. Kuɗin ajiya kuma doka ta ce a asusun da hukuma ta amince da shi ake sa shi. 'Yan uwantaka tana da daɗi har ranar da aka zo rabon kuɗin wuta da gas a watan Janairu.

Auta_KT:
Baffa Allah ya ƙara girma, hostal ne, yanzu na buɗe imel ɗin na duba, sati 51 aka rubuta. Innalillahi.

Ɗan Damagaram:
To ai shari'a ta ƙare, takarda ta yanke hukunci 😂

Maman Iman:
Ba ta ƙare ba. Tunda zama ya kama shi to a gyara zaman. Auta saurare ni da kyau. Ka yi rajista da likitan unguwa, GP, a satin nan kar ka jira sai ka kwanta, ka riga ka biya kuɗin lafiya fam 776 na shekara tare da biza, haƙƙinka ne, kuma a Sikotilan maganin da likita ya rubuta kyauta ne ba kamar mu nan Ingila ba. Ka sayi bitamin D, maikurogiram 10 kullum, hukumar lafiya tana ba kowa shawarar sha daga Oktoba zuwa Maris, mu masu baƙar fata ma cewa suka yi duk shekara. In dare ya yi maka tsawo ko jiki ya ƙi kuma asibitin unguwa a rufe, 111 ake kira. Makarantarku tana da masu ba da shawara kan damuwa, kyauta, kuma ba za su kira Katsina su faɗa wa kowa ba. Sannan duk Juma'a ko Asabar ka je gidan 'yan uwan nan ka ci abinci, ka sa shi a jadawali kamar lakca.

Auta_KT:
In sha Allah Anti, ngd sosai.

Dakta Mai Shayi:
Na yarda da Hajiya a nan. Ƙari ɗaya, kicin ɗin hostal ɗinku makaranta ce da ka riga ka biya kuɗinta. Kar ka riƙa jira sai kowa ya watse sannan ka lallaɓa ka dafa indomi ka gudu ɗaki, na san ana yi don ni ma na ga masu yi. Ka dafa abinka lokacin da suke nan, ƙamshin dafa-duka kaɗai zai sa wani ya tambaye ka mene ne wannan, ka zuba masa cokali biyu hira ta ƙullu. Kuma in ba ka ji abin da mutum ya ce ba ka daina gyaɗa kai, ka ce ya maimaita a hankali, sabon zuwa ne kai. Mutanen Gilasgo sun san yadda maganarsu take, su kansu suna yi wa kansu tsiya a kai, kuma mutane ne masu son hira, tsohuwa a tashar bas za ta ba ka labarin jikokinta ba ka tambaye ta ba.

Zee_Kaduna:
Gyaɗa kan nan yana da haɗari fa. Wata ƙawata haka ta gyaɗa wa mai gyaran hita kai, ashe cewa ya yi zai dawo washegari da safe ta zauna a gida, ta tafi aji, sati ya zagayo tana kwana da jaket.

Malam Habu Masar:
Ni a Alƙahira nake, Larabci ne namu ba Turanci ba amma ciwon ɗaya ne, mun zo da Larabcin littafi muka tarar da na kasuwa. Tambayata ga na Birtaniya, yaya kuke yi da salla a wannan gajeriyar ranar?

Baffa na Bradford:
Malam Habu a Disamba azahar wajen sha biyu da ɗan wani abu, la'asar kafin biyu ko jim kaɗan bayanta, magariba kafin huɗu, wato lakca ɗaya mai awa uku tana iya cinye salla biyu. Jami'o'in suna da ɗakin salla, ka nemo shi tun yanzu ka san minti nawa ne daga ajinku, ana ba da hutu a tsakiyar doguwar lakca sai ka yi amfani da shi. Auta, babban masallacin Gilasgo yana Gorbals bakin kogin Clyde, tun 1984 aka buɗe shi, ka je Juma'a. Akasarin jama'ar 'yan asalin Pakistan ne da aka haifa a garin, Turancin Gilasgon ne a bakinsu tsantsa, ga wanda zai yi haƙuri da kai ya maimaita maka sau uku saboda kun haɗa sahu. Naman halal kuma ka nufi Pollokshields ko Govanhill.

Ɗan Damagaram:
Wannan dabara ce Baffa, masallaci da aji a wuri ɗaya.

Injiniya_Serdang:
Tunda ana maganar sabon zuwa bari in ƙara wani abu da ya fi lafazi kayar da mutanenmu, rubutu. A gida mun saba ka kwaso sakin layi daga littafi ka zuba, malam ya ga ka yi karatu ya ba ka maki. A waje Turnitin, manhajar gano satar rubutu, zai fito da shi da kala, a kira ka gaban kwamiti. Kuma kar ka ba wa kowa kuɗi ya rubuta maka, kar ka sa manhajar AI ta rubuta ka miƙa, ka karanta dokar makarantarku a kai.

Dakta Mai Shayi:
Sosai. Kuma Auta ka shirya zuciyarka kan maki, a yawancin jami'o'in Birtaniya 50 ne cin mastas, 60 ka yi kyau, 70 shi ne ƙololuwa, wasu a Sikotilan ma da wani ma'aunin daban suke aiki, don haka in ka ga 62 kar ka kira gida kana kuka. Abin da muke nema a rubutu ba manyan kalmomi ba ne, ɗalibanmu na Najeriya suna son jimla mai layi biyar da kalmomin da sai an buɗe ƙamus, mu kuwa so muke ka ce wane ya ce kaza, wane ya saɓa masa, ni ga inda na tsaya ga dalilina. Wannan na ƙarshen shi ne yake mana wuya don an tarbiyyantar da mu ba a ja da malam. Akwai sashen taimakon rubutu a kowace jami'a, kyauta, ka kai musu asayimen ɗinka na farko tun kafin ranar miƙawa ta matso, lokacin layin ya yi tsawo.

Auta_KT:
Dakta wani abun ma, shi lakcaran cewa ya yi mu kira shi da sunansa kawai ba Farfesa ba komai, mutum sa'an Babana, bakina ya kasa.

Dakta Mai Shayi:
Zai iya. Ni ɗalibaina 'yan shekara sha tara sunana suke kira gatsau, har yau in na ji sai na ɗan waiga in ga ko wani ƙanina ne ya biyo ni.

Zee_Kaduna:
Maganar aiki fa, ba wanda ya taɓo. Bizar ɗalibi ta ba ka awa 20 a sati lokacin karatu. Ni a kanti na samu kuma gsky nan kunnena ya buɗe, awa huɗu kana jin mutane iri-iri suna tambayar ina madara ina burodi. Amma kar ka ɗauki aikin dare a sito inda ba ka magana da kowa, kuɗi za ka samu kawai ka yi ta barci a aji. Kuma kar ka wuce awa 20 ɗin ko da rabin awa, ba sa wasa da shi.

Sarkin Yaƙi:
To yanzu an tafi karatu ko an tafi tsaron kanti?

Zee_Kaduna:
Duka biyun, kai wanne kake yi?

Admin:
Ya isa haka ku biyun.

Auta_KT:
Jama'a na gode Allah ya bar zumunci. Zan zauna a hostal ɗin tunda ba yadda zan yi, Asabar in je wajen 'yan uwa. Wata tambayar kuma, akwai wanda zai zo a Janairu, Umma tana so ta ba shi kilishi da dambun nama da man shanu ya taho min da su, ana bari?

Baffa na Bradford:
A'a. Nama da duk abin da aka yi da madara ba a shigowa da su Birtaniya daga Najeriya, busasshe ne ko soyayye, in suka gani a filin jirgi za su karɓe kuma ka jawo wa ɗan aiken magana. Ka ce ta ba shi kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji, a ɗaure su da kyau a rubuta sunan kowanne a jiki.

Maman Iman:
Daddawar a nannaɗe ta leda uku a sa a roba mai murfi, in ba haka ba duk kayan bawan Allah sai sun ɗauka. Kuma in ta iso kar ka buɗe ta a kicin ɗin hostal sai ka buɗe taga tukuna.

Ɗan Damagaram:
Dakta ai cewa ya yi ƙamshi ne yake jawo hira, to ga hira nan za ta zo har da mai gadin hostal.

Injiniya_Serdang:
Wai Baffa man shanun ma ba a bari ko an soya shi?

Baffa na Bradford:
Ko an soya. Ka je shagon 'yan Pakistan ka ce ghee, gwangwani-gwangwani ne a jere.